Injin kwance noti mai batir: wanne ya dace da mai gyaran motarsa a gida?

Baban Ummi, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aiki da injin kwance noti mai batir, wanda makanikai ke kira impak, domin na ƙudiri aniyar sayen guda kafin ƙarshen wata. Abin da ya tunzura ni shi ne, makonni uku da suka wuce taya ta sace mini a hanyar Kaduna, bayan na wuce Jaji kaɗan, ana gab da magariba, ga iyali cike da mota. Na ciro sufanar da ta zo da motar, na taka, na hau kanta da dukkan nauyina, amma notuna uku cikin biyar suka ƙi ko motsi, har bakin sufanar ya fara buɗewa. Sai da wani direban tirela ya tausaya mana, ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun sufanar, sannan suka saki.

Motata Corolla ce ƙirar 2010, kuma ni nake yi mata juyen baƙin mai, da canjin birki, da sauya wa tayoyi mazauni a ƙofar gida ranar Asabar. Na duba kasuwa na ga lambobi sun rikita ni: wani an rubuta Nm 350, wato ma'aunin ƙarfin murɗa noti, wani kusan 1,900, batir kuma daga 18V har zuwa 288V. Ina roƙon wanda ya saya ya gaya mini abin da ya gani da idonsa, mai daɗi da marar daɗi.

Malam Injiniya, Kaduna

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, Baban Ummi. Shekara huɗu ke nan ina amfani da shi a gida, kuma abin da zan fara ja maka kunne a kai shi ne ka san ƙarfin da motarka take buƙata kafin ka dubi kwali. Notin tayar Corolla, mai ɗaukar soket lamba 21, ƙa'idar ɗaurinsa Nm 103 ce kacal. Na Accord da Civic, masu lamba 19, Nm 108 ne, na Golf kuma, mai lamba 17, Nm 120. Da a ce ana bin ƙa'ida, da sufanar cikin but ta ishe ka. Matsalar ita ce mai faci yakan sa bututu ya taka noti har sai ya ji ya yi ƙara, ko ya danna masa injin iska ba tare da awo ba, sannan ruwan damina da tsatsa su zo su ƙarasa liƙe shi, ta yadda kwance shi zai ci ninkin ƙarfin da aka tsara masa sau biyu ko uku.

Abu na biyu, kamfanonin kirki lamba biyu suke bayarwa, ta ɗauri da ta kwancewa, kuma ta kwancewar ta fi girma. Misali Makita DTW300 yana ɗauri da Nm 330, yana kwancewa da 580, yayansa DTW700 kuma 700 ne da 1,000. Masu talla sun fi son nuna babbar lambar, saboda haka idan kana gwada inji biyu ka tabbata lamba iri ɗaya kake gwadawa.

Na fara da ƙarami mai kimanin 300, ya yi mini aikin taya lafiya lau, har ranar da na zo canza boris ɗin gaba. Notin shaf na irin motarka lamba 30 ne mai kusurwa goma sha biyu, ana ɗaure shi a Nm 216, sannan a dandaƙe gefensa don kada ya warware. Na buɗe dandaƙar, na ɗora inji, ya yi ta bugu har soket ya ɗauki zafi, noti yana nan daram. Bayan nan ne na koma matsakaici, wato mai ɗaurin 600 zuwa 800, kuma tun daga lokacin ban ci karo da abin da ya gagare shi a ƙaramar mota ba. Bakin injin kuwa ka nemi na rabin inci, domin shi ne soket ɗinsa ya fi samuwa a ko'ina, kuma ka nemi wanda ba ya amfani da burushin kabon, saboda ya fi jure ƙura da zafi, bai kuma cika shan batir ba.

Abban Sadik, Kano

Ni ne na faɗa ramin 288V ɗin da kake magana, Baban Ummi, saboda haka bari in ba da nawa labarin. Na gan shi a wurin wani mai talla a intanet, cikin akwati mai kyau, da batir biyu da soket huɗu, a kan kuɗin da bai kai na batir ɗaya na manyan kamfanoni ba, na ce araha ta faɗo. Ranar farko ya kwance notin da ni da kaina na ɗaure da hannu, na yi ta murna. Da na kai shi kan tayar baya, wadda ta shekara ba a taɓa ba, sai ya yi ta ƙara kamar injin markaɗe, fitilar batir ta sauko daga uku zuwa ɗaya, noti bai san ana yi ba.

Bayan wata biyu batir ɗaya ya daina ɗaukar caji, sai na kai wa wani yaro mai gyaran kwamfuta ya buɗe mini. Ƙwayoyi biyar ne a ciki, irin na batirin kwamfutar cinya, babu tambarin kowa a jikinsu, sauran wurin kuwa fanko ne. Shi ya yi mini lissafin: kowace ƙwaya 3.6V ce, biyar sun ba da 18V, idan sun cika taf kuma kowace ta kai 4V, a sami 20V. Ke nan 18V da 20V da ake rubutawa abu ɗaya ne, sunan ne kawai ya bambanta, 288V kuwa fenti ne a jikin roba. Araha ba ta ado, na yarda. Yanzu injin yana nan ina ɗaure notin gadon yara da shi.

Baban Fati, Bauchi

Nawa kuskuren na daban ne. Na sayi injin ɗaure sukuru a zaton shi ne, domin kamarsu ɗaya kuma shi ma yana bugu. A duba bakin da kyau: na sukuru rami ne mai kusurwa shida na kwata inci, na noti kuwa ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da ya fito waje. Na sa masa mahaɗi don ya ɗauki soket, mahaɗin ya karye a noti na biyu.

Shugaban gareji, Jos

Da izinin Malam Injiniya, ni ban goyi bayan matsakaici ba. Shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a, kuma abin da na gani shi ne mutum ba ya neman inji sai ranar da noti ya gagare shi, to me zai sa ya sayi wanda wata rana shi ma zai gaza? Duk wanda ya taɓa kwance notin fulin gindin injin Honda ya san abin da nake nufi. A takarda Nm 245 ne, amma a zahiri na sha ganin ƙarti biyu sun rataya a bututu bai saki ba. Babban inji irin DeWalt DCF899, mai ɗaurin Nm 950 da kwancewar 1,625, shi nake ɗora masa, tare da soket mai kauri, domin nauyin soket ɗin yana ƙara wa bugun tasiri. Haka kuma duk sandar ƙari da ka sa tsakanin inji da soket tana shanye wani kaso na ƙarfin, saboda haka gara ka kasance da rara.

Abin da ba zan ɓoye ba shi ne nauyi, don da batir ya haura kilo uku, kuma tsawonsa ba ya barin sa shiga lungun birki. A can sai yarana su koma sufana.

Malam Injiniya, Kaduna

Maganarka gaskiya ce, Maigida, ga wanda motoci goma ke kwana a garejinsa. Amma Baban Ummi mota ɗaya gare shi, kuma aikin da ya lissafa taya ne da birki, wato daidai wurin da ka ce babban ba ya shiga. Ƙusar tayar Toyota kaurinta milimita 12 ne, kuma inji mai Nm 950 a hannun wanda bai saba ba yana iya tsinka ta kafin ya ɗaga yatsa. Idan aikin fuli ya taso sau ɗaya a shekara biyar, ai sai ya kawo maka motar.

Maman Haidar, Abuja

Ina so in ƙara a kan maganar tsinka ƙusa, domin a gidana ta faru. Ni nake kai yara makaranta, maigidan kuma yawanci yana tafiye-tafiye, shi ya sa na koyi canza taya, na kuma zaɓi matsakaici saboda zan iya riƙe shi da hannu ɗaya ina tallafe taya da ɗayan. Wata Lahadi ƙanena ya karɓa ya ce zai taya ni. Ya sa noti a cikin soket, ya kafa a kan ƙusa, ya danna a giya ta ƙarshe ba tare da ya fara murza shi da hannu ba. Notin ya hau a karkace, ya cinye zaren, kuma da muka zo fitar da shi ƙusar ta tsinke ta bar guntu a ciki. Na yi kwana biyu ina tuƙi da noti huɗu, gabana yana faɗuwa, kafin makaniki ya cire faifan birki ya buge guntun ya sa sabuwa.

Tun daga ranar na sa wa kaina doka. Noti da yatsa nake fara shi, ya yi zagaye uku ko huɗu ba tare da tirjiya ba, sannan in kai shi da inji a giya ta ɗaya har ya zauna, ina tsallake ɗaya ina ɗaure na gabansa kamar zanen tauraro. Idan na sauke jak sai in ƙarasa da sufana mai awo, wadda ake saita ta a lambar da ake so, ta yi ƙas idan an kai. Nakan sake gwadawa bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Shawarata, Baban Ummi, ka sa kuɗin wannan sufanar a cikin lissafinka tun yanzu, ko da zai sa ka rage girman injin. Kuma tunda ka ce kai kake juyen mai, kada ka kusanci notin zubar da baƙin mai da wannan inji, balle fulogi, domin ɗaurinsu kaɗan ne kuma gyaran zarensu ba ƙaramin aiki ba ne.

Alhaji na Mabera, Sakkwato

Tunda an gama da inji, ni batir zan yi magana a kai, domin shi ne rabin kuɗin. Ɗana ne ya aiko mini da nawa daga Amurka, na kirki ne ƙwarai, amma a daren farko na jona cajar a bango, na ji fas, hayaƙi ya tashi. Wutarsu 120V ce, tamu 230V, kuma an rubuta hakan a ƙarƙashin cajar da ƙananan baƙaƙe, ni ne ban duba ba. Duk wanda za a kawo wa daga can, ko zai sayi na gwanjo, ya juya cajar ya karanta, in ta 120V ce kawai ya nemi na'urar rage wuta ko ya sayi caja mai ɗaukar tamu. Mai ɗauko shi a jirgi kuma ya sani batir a jakar hannu ake riƙe shi ba a cikin kaya ba, kuma mai 5Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne) bai kai iyakar girman batir ta Wh 100 da aka sa wa masu shiga jirgi ba, tunda 90 yake.

Na gwada ƙaramin batir mai 2Ah da babba mai 5Ah a kan inji ɗaya, noti ɗaya, bambancin kuwa a fili yake, domin babban ƙwaya goma ne a layi biyu, ya fi iya ba da wuta da yawa a lokaci guda. Sai batun zafi. A nan a watan Afrilu rana takan haura 40 a ma'auni, cikin but kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Batir ɗaya na bari a mota tsawon bazara, da damina ta sauka rabin aikinsa kawai yake iya yi. Yanzu a ɗaki nake ajiye su, sai zan yi doguwar tafiya in ɗauka, kuma ba na jona batir a caja yana da zafi. Kafin ka biya, ka tambayi mai shago ko yana sayar da batirin shi kaɗai, domin kamfanoni irin su Ingco da Total sun yawaita a kasuwanninmu har batirinsu bai da wuyar samu, wasu kuwa in batir ya mutu sai ka aika Legas ka jira.

Shugaban gareji, Jos

Na manta ban faɗa ba: soket baƙi ake sa masa, wanda aka ƙera don bugu, ba farin nan mai ƙyalli ba. Farin ƙarfensa busasshe ne, fashewa yake yi. Wani yarona yana da tabo a ƙarƙashin ido har yau, saura ƙiris ya rasa idon. Idan rim ɗinka na aloyi ne ka nemi mai siririn baki da rigar roba, don kada ya kankare fenti.

Baban Ummi, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na shiga Kaduna na sayi matsakaici mai bakin rabin inci, da batir ɗaya mai 4Ah, da baƙaƙen soket lamba 17 da 19 da 21, da sufana mai awo kamar yadda Maman Haidar ta ce, kodayake sai da na haƙura da batir na biyu kafin kuɗin ya kai. Na ƙi biya sai da mai shagon ya fito da shi waje muka gwada a tayata ta baya, notuna huɗu suka fita nan take, na biyar ya yi gardama na ɗan lokaci sannan ya bi su. Da safe na kwance duka ashirin na mayar da su a 103, sai na tarar ƙusoshi biyu na tayar gaba ta dama zarensu ya miƙe, noti yana tirjewa a tsakiya ko da an goge an wanke. Shugaba, waɗannan biyun kawai zan canza, ko duka biyar na tayar?