Gwangwanin tsofaffin kwabbai daga ɗakin Hajiya

Ɗan Yakasai: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Muna kwashe kayan kakarmu, Allah ya jiƙanta, sai muka ci karo da gwangwanin madara a ƙasan fantimoti, cike da tsofaffin kuɗi. Akwai kwabo mai huji sun fi arba'in, wasu fari wasu ja, da anini, da sulalla, da wata babba mai hoton mace mai ƙiba, da minda biyu na kakanmu. Jajayen duk sun yi baƙi, wasu har da tsanwa. Da me zan wanke su, kuma ina zan kai a duba mini darajarsu?

Maman Walida: Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Hajiya. Toka da lemon tsami, ka dirje da soson ƙarfe, yanzu za su yi ƙyalli kamar tiren amarya.

Baffa Na-Fagge: Subhanallahi! Ɗana, kar ka kuskura. Ƙanwata, ki yi haƙuri, tukunya kike nufi, wannan ba tukunya ba ce.

Maman Walida: To Baffa, ai taimako na yi.

Baffa Na-Fagge: Na sani, ni ma irin wannan taimakon na yi wa kaina. Bari in ba ku labari. Lokacin da mahaifinmu ya rasu na gaji wata jakar fata, kwabbai sittin da 'yan kai a ciki, ya jera su shekara-shekara a zare, don mutum ne mai tsari, tsohon akawun awon gyaɗa. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna a soro da roba, na jiƙa tsamiya, na zuba su duka, na bar su suka kwana. Da safe na bi su da toka da tsumma. Wallahi murna nake yi, sun fito jajir, wani ja-ja mai kama da naman da aka feɗe. Na zuba su a ledar nan mai laushi ta ajiye hotuna, na sa a durowa. Damina ɗaya kawai suka yi. Da na buɗe, wani kore mai danƙo ya manne a jikinsu, ledar kanta tana nashewa. Na kwasa na kai wa wani dattijo mai sayar da kayan tarihi a kasuwar Kurmi. Ya ɗauki ɗaya ya sa tabarau, ya juya shi, ya dube ni ya ce wa ya aike ka? Ya nuna mini ƙananan ramuka kamar zanzana a fuskar kwabon, da zane-zanen toka sun ratsa kan rubutun. Ya ce baƙin nan da na kankare shi ne rigar kuɗin, shekaru suka ɗinka masa ita, masu tarawa ita suke saye. Ƙarshe kuɗin da ya taya bai kai na motar da na hau ba. Na dawo da abina gida. Suna nan, ba na son kallonsu. Guda uku ne suka tsira, su ma don sun maƙale a lungun jakar ban gan su ba, kuma su kaɗai ne yau nake iya nuna wa baƙo.

Ɗan Yakasai: Ikon Allah. Baffa wallahi lemon yana hannuna lokacin da saƙonka ya shigo.

Kawu Mai Agogo: Ka matse shi a shayi.

Malam Na-Dala: Ruwa mai tsabta da ɗan sabulu mara ƙarfi ya isa, shi ma sai in akwai ƙasa ko maiƙo. Ka tsane da auduga, ban da gogewa. Tsanwar da ta yi gari-gari ka taɓa ta a hankali da tsinken sakace, ka ware masu ita daban kar su zauna da sauran. Kowane ɗaya ka sa shi a ƙaramar ambulan ta takarda, ka rubuta shekararsa a baya. In za ka ɗauka, riƙe shi ta gefe, gumin yatsa yana barin tabo a jan ƙarfe.

Injiniya Sharaɗa: Man zaitun fa? Ni a ciki nake jiƙa nawa.

Malam Na-Dala: Yana sassauta dauɗa, amma yana ƙara musu duhu, kuma fitar da shi aiki ne. Ban hana ka a kan wanda ya riga ya lalace ba.

Injiniya Sharaɗa: Shekara goma ina yi ban ga illa ba.

Malam Na-Dala: Ka turo hoto mu gani.

Injiniya Sharaɗa: Kyamarar wayata ta fashe.

Kawu Mai Agogo: Tun bara take fashe, Injiniya.

Ɗan Yakasai: Malam, me ya sa wasu fari wasu ja, alhali duk kwabo ne?

Malam Na-Dala: Na farkon, tun daga 1907 zamanin Sarkin Ingila Edward na 7, haɗin jan ƙarfe ne da nikel, shi ya sa suka yi fari. A 1952 aka koma tagulla. Duba rubutun. In ka ga BRITISH WEST AFRICA, kuɗin da muke ci tare da Gana da Saliyo da Gambiya ne, hukumar da ke buga su an kafa ta a 1912. In ka ga FEDERATION OF NIGERIA da 1959, namu ne na kanmu, shekarar da Babban Banki ya fara aiki. Ka kuma lura da ɗan ƙaramin harafi, H ko KN, alamar gidajen da suka buga ne a Birmingham ta Ingila. Shekara ɗaya, harafi daban, farashi daban. Aninin 1907 kuwa da goran-ruwa, wato alminiyam, aka yi shi, ba nauyi ko kaɗan, bai jure ba, a 1908 aka canza ƙarfen. In kana da wannan mai kyan fuska, ka yi dace.

Hajiya Gwammaja: Wai tauraron nan mai kusurwa shida ba na Yahudawa ba ne? Ni tun ina yarinya haka nake ji.

Malam Na-Dala: Hajiya, hatimin Annabi Sulaiman ake ce masa. Yana jikin tutar Najeriya ta zamanin Turawa ma, kuma malamanmu sun daɗe suna zana shi a allo. Ki juya tsofaffin ki ga rubutun Larabci a ƙasan hujin, a kwabo an rubuta wahid, a anini ushur, wato ɗaya bisa goma.

Hajiya Gwammaja: To Allah ya sa haka ne. Mu dai a zare ake sa mana shi a ƙugu.

Kawu Mai Agogo: Yara yanzu ka ce musu anini sai su ɗauka na kafaɗar soja kake nufi. Wa zai kawo lissafin? Anini goma kwabo, dari biyu kwabo, ahu kwabo da dari, taro kwabo uku, sisi shida, nai tara, sule sha biyu, fataka sule biyu, fam sule ashirin.

Injiniya Sharaɗa: Sule biyu dala ce, Kawu, ba fataka ba.

Kawu Mai Agogo: A gidanmu fataka muke cewa.

Injiniya Sharaɗa: Gidanku ai baƙi ne a birni.

Kawu Mai Agogo: Mutumin Sharaɗa ne zai gaya mini birni? Kai da sai ka hau mota kake ganin badala?

Shugaban Zaure: Ku biyun kun yi daidai, duka ana faɗa. A koma kan tambayar yaro don Allah.

Alhaji Ɗan Wapa: Ni gargaɗi zan yi. Kar ka sa hoton gwangwanin nan a Facebook da lambarka. Wani maƙwabcina ya yi haka, kwana biyu aka kira shi, wai wani Bature yana neman kwabon 1936 na sarkin da ya sauka, zai biya miliyoyi, amma sai an gwada an ga yana da sinadarin makuri a ciki. Kuɗin na'urar gwaji, kuɗin maganin gwaji, kuɗin mai kawo Baturen daga filin jirgi. Sai da ya sayar da babur ɗinsa, sannan waya ta daina shiga. Babu wani makuri a cikin kwabo. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Malam Na-Dala: Abin da ke ruɗar mutane, labarin sarkin gaskiya ne. Edward na 8 ya hau a Janairun 1936 ya sauka a Disamba saboda matar da yake son aura, 'yar Amurka. Ingila ba ta kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba, amma namu da yake huji ne a tsakiya ba a buƙatar hoto, suna kawai aka sa, EDWARDVS VIII, aka bugo kwabo da dari da anini. An buga su da yawa ƙwarai. Abin sha'awa ne a ajiye, amma ba zai saya maka fili a Hotoro ba.

Ɗan Yakasai: Na duba, ina da guda biyu. Har zuciyata ta fara bugawa, Malam ya kashe mini.

Maman Walida: Mai hoton macen fa? Ko Sarauniya ce?

Baffa Na-Fagge: In an rubuta 1780 a bayanta ga tsuntsu mai kai biyu, Maria Theresa ce ta Ostiriya, ita ce dalar asali, fatake suka riƙa shigo da ita tun ana ciniki da wuri. Kar shekarar ta ruɗe ka, duk wadda aka buga bayan rasuwarta 1780 ake sa mata, har yau. Azurfa ce, nauyinta gram 28. Ka kai wa masu awon zinare su ɗora a sikeli, ka kuma kanga mata mayen ƙarfe. In ta manne, jabu ce. Da yawansu maƙera sun narkar sun yi mundaye da zobba.

Hajiya Gwammaja: Tawa an mayar da ita zobe, tana yatsana yanzu haka.

Tsohon Saje: A bar maganar kuɗi tukuna. Ɗana, mindar nan yaya suke?

Ɗan Yakasai: Ɗaya tauraro ce ruwan tagulla, ƙyallenta ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Ɗayar zagayayya ce fara. Ba suna a jiki.

Tsohon Saje: Tauraron Boma ke nan. Kakanka ya yi yaƙin Boma, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su suka je. Haka aka raba su ba suna, shi ya sa takarda take da muhimmanci. Ku koma fantimotin ku nemo littafin sallamarsa ko hotonsa da kaki, ku haɗa su wuri guda. Kar a canza ƙyallen ko ya koɗe. Kuma in ka sayar da wannan, ni da kai ne.

Ɗan Yakasai: Ba zan sayar ba Baba. Akwai wani ɗan littafi mai bangon kaki, na ɗauka na asibiti ne, na sa shi a kayan da za a ƙone.

Tsohon Saje: Tashi yanzu ka ɗauko shi.

Injiniya Sharaɗa: Kafin ka je ko'ina ka shiga shafin masu tara kwabbai na Numista a intanet, ka sa shekara da harafi, za ka ga hoto da nauyi da yawan da aka buga. Ka shiga Kurmi da saninka, kuma ka tambayi mutum uku kafin ka yarda da ɗaya.

Alhaji Ɗan Wapa: Kuma kar ka kai wa 'yan gwangwan, su a kilo za su auna.

Kawu Mai Agogo: Wa ke da rabin kwabon 1973 mai auduga? Shi kaɗai ya rage in cika jerin farkon naira. Ina da mai rijiyar mai guda huɗu, zan ba da biyu.

Baffa Na-Fagge: Ina da shi, amma yana cikin waɗanda suka sha tsamiya.

Kawu Mai Agogo: Riƙe abinka Baffa.

Ɗan Yakasai: Na samo littafin, yana ƙarƙashin tsofaffin katunan awo. Akwai lamba da sunansa da tambarin yatsa. Mama tana ta kuka.

Malam Na-Dala: Allah ya jiƙan mazan jiya. Asabar bayan la'asar ina shago, ka zo da gwangwanin yadda yake, da littafin.

Injiniya Sharaɗa: Ni ma zan zo da nawa na man zaitun, ku gani da idonku.

Kawu Mai Agogo: Ka taho da wayar ma a gyara kyamarar.