Kafinta ya gama katakon rufi, kuɗi sun tsaya: da wanne zan fara?

Mai gini a Kumbotso: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaki uku da falo nake ginawa. Kafinta ya kafa katakon rufi ya buga kwano tun watan Fabrairu, daga nan kuɗi suka tsaya. Saura katakon silin, fasiya (allon katakon da ake bugawa a bakin rufi), firam ɗin ƙofa biyar da ragar taga. Ragowar katakon tu-bai-tu da tu-bai-fo suna nan jibge a ƙasa a falo. Abin hannuna ba zai ɗauki duka ba, ga damina ta ƙarato, uwargida kuma ta matsa a yi silin mu tare mu huta da haya. Da wanne zan fara?

Tsohon kafinta, Zariya: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye maganar silin tukuna. Nemo tsani ka hau ka duba katakon da ke kwance a kan bango, wanda duk rufin ya zauna a kansa. Da me aka ɗaure shi? In kusa kawai aka buga, to ba ka da rufi, aron sa aka ba ka. Langa-langa ko rodi ake so, wanda ya kama bulo ko kankare sosai, a naɗo katakon da shi a kowace kusurwa da kuma tsakani. Iskar farkon damina ba ta sama kaɗai take cire kwano ba. Ta ƙofa da taga take shiga, ta cika ɗaki, ta ɗaga shi kamar faifai. Don haka ɗauri farko, sai fasiya ta rufe bakin katakon daga ruwa, sai ƙofofi. Silin shi ne auta.

Mai wayarin: Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: kada a rufe silin ba a ja waya ba, in ba haka ba mu za mu zo mu ɓalle shi. Kuma ka bari ruwa ya sauka sau biyu ko uku, ka ga inda kwanon ke yoyo.

Wata 'yar uwa daga Kaduna: Yallaɓai, katakon nan da ke ƙasa yau ɗin nan ka ɗaga shi. Jera bulo ka ɗora a kai, a kwance, da 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa. Namu wata biyu ya yi a ƙasa, da muka ɗaga gara ta cinye na ƙarƙashin, waje lafiya ciki gari. Ka shafe shi da baƙin mai.

Tsohon kafinta: Hajiya, baƙin mai na taimakawa, ba na musu, mun yi shekaru muna shafa shi. Amma kada ya kusanci katakon silin ko fasiya: fenti ba ya kama shi, kuma in zafi ya yi sai ya tsattsafo ya ɓata silin. A nan Solignum, maganin gara da ake shafa wa katako, ya fi. A shafa har bakin da zarto ya yanka, don ta nan gara ke samun hanya.

Wata 'yar uwa: Na karɓa, Baba. To ƙofa fa? Tamu da hunturu aka sa ta daidai wa daida, watan Agusta sai da kafaɗa ake buɗe ta.

Tsohon kafinta: Katako na shan danshi ya kumbura, da rani ya koma. A bar masa ɗan sarari a gefe, a yi masa fenti har ƙasan ƙofar da samanta. Ɗanyen katako kuwa kada ya shiga firam, murɗewa zai yi.

Mai gini a Kumbotso: Baba, na hau ɗazu. Wuri huɗu kawai aka ɗaure, ɓangaren falo babu ko ɗaya. Jikina ya yi sanyi wallahi. In sauya kafinta ne?

Tsohon kafinta: A'a, kira shi ka nuna masa, gyaran aikinsa ne, kuma shi ya san inda ya bari. Langa-langa da kusa ka je ka sayo da kanka, fasiyar ma ka shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ka zaɓi busasshiya, ka ɗaga ta ka hango tsawonta ko ta miƙe. Kuɗin aiki kuma kashi-kashi, in ya gama ɗauri ka hau ka gani sannan ka biya.

Mai gini a Kumbotso: Na gode, Allah ya ƙara girma. Na kira shi, ya ce Asabar. Saura in san yadda zan yi wa uwargida bayanin silin.