Giyar hannu a motocin gudu: in gyara tawa ko in sayi sabuwa kafin a daina ƙera su?

Mai Ƙafa Uku:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin mota.

Shekara 11 ke nan ina tuƙa wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, ƙirar 2007, giya shida ta hannu, inji a gaba, tayoyin baya ne ke tura ta. Ba ta da wani gudu na a zo a gani, motocin iyali na yanzu da yawa za su wuce ta a miƙaƙƙen titi. Abin da ya haɗa jinina da ita shi ne shan kwana. In taho a giya huɗu, in ɗora kan ƙafar dama a birki, in taka kuloci da hagu, in ɗan taɓa totur da gefen ƙafar daman nan ba tare da na saki birkin ba, injin ya ɗaga murya, in zura giya uku. Idan na dace, motar ko motsi ba ta yi, sai ka ji giyar ta faɗa wurinta sumul. Na yi kusan shekara biyu ina koyon wannan kafin ƙafata ta saba, kuma har yau duk ranar da ta fita daidai sai na ji daɗi har cikin raina.

To yanzu kuloci ya fara zamewa. A hawa, in na taka totur a giya biyar, allurar inji sai ta tashi amma motar ba ta ƙara gudu. Giya biyu kuma tana ɗan kartawa da sassafe kafin mai ya yi ɗumi. Ko dai in gyara ta, ko in rabu da ita in sayi sabuwa mai giyar hannu tun ana samu.

Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne yadda nake ganin ana rufe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Ferrari ta bar giyar hannu tun wajen 2012. Lamborghini ta yi sallama da ita a kan Gallardo a 2013, Huracán da ta gaje ta ba ta zo da ita ba. Corvette ta 2020, wadda aka mayar da injinta bayan direba, ƙafa biyu kawai gare ta, birki da totur, babu kuloci. Waɗannan ban damu sosai ba, don dama ba sa'o'ina ba ne. Wadda ta taɓa ni ita ce Golf GTI, motar da tun 1976 masu matsakaicin hali ke koyon daɗin tuƙi a kanta, ita ma a sabuwar ƙirar da aka fito da ita a 2024 an cire mata. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Shin nan da shekara goma za a ci gaba da samun sabuwar motar gudu mai ƙafa uku wadda mai albashi zai iya saya? In amsar a'a ce, gara in yi ƙoƙari in sayi ta ƙarshe yanzu.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka fara kwantar da hankalinka kan motarka, abin da ka lissafa ba ciwon ajali ba ne. Kuloci abu ne mai cinyewa kamar takalmin birki, dole wata rana ya ƙare. In za a sauke giyabos, a canza faifan, da murfin da ke matse shi, da boris ɗin da ke sakinsa, duka a lokaci guda, kada a yi maka rabin aiki. Kartawar giya biyu kuwa yawanci zoben tagullar nan ne da ke daidaita gudun haƙoran kafin su haɗu, shi ya fara sulɓi. Kafin a buɗe komai a fara canza man giya da irin wanda littafin motar ya ce. Sau da yawa na ga wannan kaɗai ya rage kartawar.

Na buɗe giyabos na hannu da ban san adadinsu ba. Ƙarfe ne da haƙora da mai, komai kana ganinsa da idonka a kan tebur. Wanda aka kula da shi yakan bi mota har ƙarshen rayuwarta. Irin na zamani mai kuloci biyu yana da kyau ƙwarai, amma a cikinsa akwai akwatin kwamfuta da bawul-bawul da firikwensa, in wannan ya samu matsala galibi ɗungurungum ake canza shi.

Ni abin da nake jin tsoro hannayen da za su gyara ne. Yaran da ke koyon aiki yanzu sun iya karanta na'ura fiye da mu nesa ba kusa ba, sai dai kaɗan ne a cikinsu suka taɓa jera haƙoran giya a kan sanda da hannunsu. Ka samu wanda ya iya, ka riƙe shi da kyau. Sannan ka daina jingina ƙafa a kan kuloci in kana tafiya, kada kuma ka bar hannunka a kan sandar giya.

Agogon Tsere:

Baba, da girmanka, a kan gyara ba ni da ta cewa. Amma tambayar Malam ta gaba ce, kuma ina ganin gara a faɗa masa gaskiya ko da ba daɗi.

Wannan yaƙin na giyar hannu da otomatik an gama shi a filin tsere tun 1989, lokacin da Ferrari ta fito da motarta ta Formula 1 mai canza giya daga bayan sitiyari, Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Brazil. Porsche ma ta gwada giya mai kuloci biyu a motocin tserenta 956 da 962 a shekarun 1980. Volkswagen ta kawo wa jama'a ita a Golf R32 a 2003, Porsche ta sa tata, mai suna PDK, a motarta 911 a 2008. Dabarar mai sauƙin fahimta ce: kuloci ɗaya na riƙe da giya ɗaya, uku, biyar, ɗayan na riƙe da biyu, huɗu, shida. Kana tafiya a uku, huɗu ta riga ta shiga tana jira. Ɗaya ya saki, ɗaya ya kama, ƙarfin inji bai yanke ba. Babu ƙafar ɗan Adam da za ta kamo wannan.

Kuma ba gudu kaɗai ke kashe giyar hannu ba, doka ta fi yi mata illa. A gwajin hayaƙi da shan mai, kwamfuta mai giya takwas tana ajiye inji a inda ya fi tsimi, da wuya giya shida ta hannu ta yi haka. Kowane haɗin inji da giya kuma sai an kai shi gwaji daban an biya kuɗi daban, to kamfani zai duba mutum nawa ne za su saya. Har gwajin ƙara yana shiga ciki. A 2021 Porsche ta sanar cewa ba za ta iya sayar da motarta 911 GT3 mai giyar hannu a jihar Kalifoniya ba saboda yadda ake auna ƙarar mota a can, sai daga baya aka warware maganar.

Sai lantarki. 911 GTS ta 2024, mai haɗa fetur da batir, an dasa mata injin lantarkin ne a cikin giyabos ɗin PDK, don haka babu zancen ƙafa ta uku. Mota mai lantarki zalla kuwa tana ba da ƙarfinta tun daga tsaye, yawancinsu giya ɗaya gare su, Taycan ta Porsche na cikin 'yan kaɗan masu biyu a baya. Tarayyar Turai ta amince a 2023 da dokar da ta sa 2035 a matsayin wa'adin sababbin motoci masu fitar da hayaƙi. Ko an sassauta ta, kamfanoni sun riga sun karkatar da kuɗin bincikensu. Zamani riga ne, Malam.

'Yar Kuloci:

Yaya Agogo, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka tsallake rabin labarin GT3, kuma rabin nan shi ya fi muhimmanci.

A 2013 Porsche ta fito da GT3 da PDK kaɗai, da hujjar da ka kawo, wato ta fi sauri. Masu saye suka yi ta ƙorafi. A 2016 ta ƙera 911 R, giya shida ta hannu, guda 991 kacal, aka yi wawarsu, waɗanda suka samu suka riƙa sayarwa da ninkin kuɗin. A 2017 giyar hannu ta dawo GT3. Toyota ma haka ta yi: Supra ta dawo a 2019 da otomatik kaɗai, a 2022 aka ƙara mata ta hannu. BMW ta sa wa Z4 mai silinda shida giyar hannu a 2024, bayan motar ta yi shekaru a kasuwa. Mutanen nan sun san ta hannu ta fi jinkiri, da saninsu suka zaɓe ta. Wanda ya sayi irin wannan motar ba agogo yake riƙe da shi a hanya ba, so yake ya ji shi ke tuƙi.

Abin mamaki, Amurka da aka sani da otomatik ita ce ta fi riƙe ta a motocin gudu. BMW M5 mai silinda goma, kasuwar Arewacin Amurka kaɗai aka yi wa ta hannu. Can ne kuma ake da Mustang da Cadillac Blackwing masu ƙafa uku.

Inda nake tare da Malam mai tambaya shi ne maganar aljihu. A can sama giyar hannu ta zama abin ado. Gordon Murray ya ƙera T.50 guda 100, silinda 12, inji na juyawa har 12,100 a minti, giya shida ta hannu. Aston Martin ta yi Valour guda 110. Pagani Utopia tana da ta hannu mai giya bakwai. Porsche ta yi 911 S/T guda 1,963. Waɗannan ba za su ɓace ba, masu kuɗi za su ci gaba da biya. A ƙasa kuma akwai Mazda MX-5 da ake yi tun 1989, da Toyota GR86 da tagwaiyarta Subaru BRZ, da Civic Type R da ba ta taɓa zuwa da otomatik ba, da Nissan Z. Su nake jin wa tsoro, domin ribarsu kaɗan ce, ƙaramar doka ta isa ta ture su. GR86 shekara biyu kawai ta yi a kasuwar Turai, sababbin ƙa'idojin kariya na 2024 suka fitar da ita. Ka ga a nan motar ce gaba ɗaya ta tafi, ta tafi da giyarta.

Ga kuma masu tasowa. A Ingila in ka ci jarrabawar tuƙi da otomatik, lasisinka bai ba ka damar tuƙa ta hannu ba. Yaron da ya koyi tuƙi a motar lantarki, ina zai san abin da ya rasa? Ni na koya wa ƙannena biyu a motata, na haƙura da kashe inji da warin kuloci na sati uku. Ɗaya daga cikinsu yanzu ba ya son tuƙa komai sai mai ƙafa uku.

Agogon Tsere:

Na yarda da maganar GT3, 'yar'uwa. Amma ki duba Hyundai Ioniq 5 N. Lantarki ce zalla, an sa mata giyar kwaikwayo guda takwas, har da ɗan fizgar nan ta canji da ƙarar inji ta lasifika. Toyota ma ta nuna motar gwaji ta lantarki mai sandar giya da ƙafar kuloci. Mai yiwuwa nan abin zai koma.

Mai Ƙafa Uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta kowace amsa sau biyu.

Malam Agogo, ban raina dabarar ba, kuma in na samu dama zan gwada. Sai dai abin da nake so a shan kwana shi ne akwai ainihin ƙarfe biyu da ke juyawa da gudu daban-daban, ni ne nake daidaita su da ƙafata. In na yi kuskure ƙarfen ne ke gaya mini, ina jin sa a tafin hannuna ta cikin sandar. Ko Nissan da ta kawo na'urar taɓa totur da kanta a 370Z a 2009, ta bar maɓallin kashe ta, kuma ƙarfen yana nan. A motar lantarki kuwa wani ne ya zauna ya rubuta wa kwamfuta yadda kuskurena zai kasance.

Maganar Hajiya 'Yar Kuloci ce ta sauya mini lissafi. Na shigo ina tunanin giyar ce za ta ɓace, ashe ƙananan motocin ne ke cikin haɗari. Tawa tana cikin irinsu, mara nauyi, kuma na san kowane sautinta. Zan gyara ta. Kuɗin da na tara na sabuwa zan bar shi a ajiye, in na ji an sanar da ƙirar ƙarshe ta MX-5 ko GR86 mai giyar hannu, sai in sake shawara a lokacin. Ɗiyata ta kusa isa tuƙi, a wannan motar zan koya mata.

Baba, tunda za a sauke giyabos, shin a taɓa babban faifan inji da kulocin ke kamawa, ko a bar shi?

Tsohon Bakanike:

A duba fuskarsa in an sauke. In ka ga tabo shuɗi-shuɗi na zafi, ko ƙananan tsaga, ko farcenka yana maƙalewa in ka ja shi a kai, to ba a ɗora sabon kuloci a haka. In irin guda ɗaya ne na ƙarfe zalla, a wanke fuskar a inji. In mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, ka kama shi da hannu ka juya, in wasan ya yi yawa a canza shi. A duba robar man da ke bayansa, in tana tsattsafo a sauya ta tun wurin yana buɗe. Bayan an haɗa, ka yi kilomita 500 zuwa 800 kana tashi a hankali kafin ka koma kwanar taka.