Gilashin gaba mai ɗumama kansa a Ford Transit: ɓangare ɗaya ya daina narkar da ƙanƙara

Direban kai kaya, Lids (Ingila): Assalamu alaikum. Motar Transit ce mai gilashin Quickclear, wato gilashin gaba na Ford mai ɗumama kansa da lantarki. Idan na danna maɓallin da asuba fitilarsa tana kamawa, ɓangaren fasinja ya narke cikin minti biyu zuwa uku, amma ɓangaren direba ƙanƙara na nan daram. Ta ina ake farawa?

Mai wayarin, Bamingham: Wa alaikumus salam, Malam. Yadda ɓangare ɗaya ke aiki ya rage maka wahala, domin ya nuna maɓalli lafiya yake, kuma umarni yana fita. Gilashin nan rabi biyu ne, hagu da dama, kowanne da nasa fis, galibi mai amfiya 40. Duba littafin motar don gane wurinsu, saboda yana canzawa daga samfuri zuwa samfuri. Kada ka yarda da ido, sa mitar auna wuta a kan fis ɗin. Idan ya ƙone ka sa daidai girmansa. In ya sake ƙonewa nan take, waya ce ke taɓa bodi a wani wuri, kuma ƙara girman fis ba abin da zai jawo sai narkewar waya.

In fis lafiya, buɗe bonet, cire hannayen waifa, ɗaga baƙar robar da ke ƙasan gilashi. Za ka ga wata waya shimfiɗaɗɗiya kamar kintinkiri ta fito daga cikin gilashin. Mafi yawan wannan ciwo a nan yake: ko ruwa da gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu sun cinye mahaɗin har ya yi kore, ko ƙarfen waifa yana goga ta har ta tsinke. Tada inji, sa wani ya danna maɓallin, ka auna wuta a mahaɗin. Ya kamata ka ga bolt 13.5 zuwa 14.5.

Makanike, Manchesta: Oga, a ƙara masa da cewa in inji a kashe yake na'urar ɗumama gilashin ba ta aiki sam, kuma tana kashe kanta bayan 'yan mintoci. Mutane da yawa suna auna wuta bayan lokacin ya ƙare, su ga sifili, su ɗora wa rile (makunnin da ke sakar wa gilashin wuta) laifi. A sake dannawa kafin kowane awo.

Mai wayarin, Bamingham: Haka ne, na gode. Sannan ganin bolt 14 a mita bai isa ba. Mita ba ta jan wuta, don haka ko zare ɗaya ne ya rage a wayar za ta nuna maka cikakken bolt. Rabin gilashi kuwa yana jan abin da ya kai amfiya 25 zuwa 30. A auna alhali gilashin yana haɗe kuma yana kunne. In bolt ya faɗi warwas da zarar an haɗa, akwai mahaɗi mai tsatsa a hanya ko bakin rile ya ƙone.

Awo na biyu shi ne na gilashin kansa. Kashe inji, zare mahaɗin, sa mita a kan om (ma'aunin turjiyar wuta) tsakanin wayar shiga da bodi. Rabi mai lafiya yana ba da wajen rabin om. Ka fara haɗa bakunan mitar biyu ka ga abin da su kaɗai suke nunawa, ka debe shi, don a wannan ƙaramin awo 0.2 ma lissafi ne. Kwatanta da ɓangaren da ke aiki. In mita ta nuna babu haɗi ko kaɗan, saura abu biyu: wayar da ke ɗaure a bodi ta saki, ko cikin gilashin ya mutu. Kwance notin wayar bodin, goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ɗaure, shafa ɗan giris a kai.

Mai sa gilashin mota, Landan: 'Yan'uwa, wanda nake yawan gani daban ne: gilashi yana narkewa amma ya bar layi-layi na ƙanƙara daga sama zuwa ƙasa. Wannan ba fis ba ne, ba rile ba. Siraran wayoyin da ke tsakanin falle biyu na gilashin ne suka tsinke, sau da yawa a daidai inda tsakuwa ta taɓa bugawa. Ba sa gyaruwa. Fentin azurfa da ake gyara gilashin baya da shi ba ya amfani a nan, domin layukan na baya a kan fuskar gilashi suke, waɗannan kuwa a rufe suke ciki.

Kuma in matsalar ta fara ne bayan an canza gilashi, kafin komai a duba ko an mayar da mahaɗin. Ana mantawa. Haska tocila a karkace ka tabbatar akwai siraran wayoyin ma, don akan sa wa mota gilashi marar waya bisa kuskure.

Direban kai kaya, Lids: Na ɗaga robar. Kintinkirin ɓangaren direba ya tsinke, saura kamar santimita uku daga gilashi. A yi masa dalma?

Mai wayarin, Bamingham: Santimita uku ya isa. Ni matsewa na fi so: kankare shi ya yi haske, naɗe bakin, matse shi da mahaɗin tagulla a kan waya mai kauri irin ta asali, rufe da robar da ke tsukewa da zafi, mai gam a ciki. In dalma za ka yi, sa jiƙaƙƙen tsumma tsakanin wurin da gilashi, kuma kada ƙarfen dalmar ya daɗe a wurin, zafi a waje ɗaya yana tsaga gilashi mai sanyi. Bayan nan ɗaure wayar nesa da ƙarfen waifa, ka kunna waifar ka kalli yadda take wucewa kafin ka mayar da roba.

Makanike, Manchesta: Ga wanda duka ɓangarori biyu suka ɗauke masa: fara da batir. In ya yi rauni ko caji ya gaza, kwamfutar motar takan hana manyan masu jan wuta aiki. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 bayan ya kwana. Daga nan a musanya rile da wani irinsa a gwada. Kafin gyara ya kammala, a kankare da abin kankara na roba, ruwan zafi kuwa kada ya kusanci gilashin.