Dako a ka: ƙarfafa wuya yake yi ko cin sa?

Baba ɗan dako, kasuwar Mile 12 a Legas: Wa ya turo muryar nan mai cewa dako a ka yana lalata wuya? Tun ina saurayi nake sauke kwandon tumatir daga tirela, ga ni da furfura. Wuyana ya fi na ɗan kokawa. In gammo ya zauna daidai, magana ta ƙare.

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba: Ni ce, Baba, a yi haƙuri. Naman wuya kam yana ƙarfi, ban musa ba. Amma ƙasusuwan wuya 7 ne, da guringuntsi a tsakani kamar matashi. Kan da suke ɗauke da shi kusan kilo 5 ne, a ƙara masa buhun shinkafa mai kilo 50 kullum. Guringuntsin yana lotsewa, ƙashi ya yi tsini ya danne jijiyar da ke zuwa hannu. Gammo tsakiyar kai yake karewa, nauyin na nan.

Ɗalibi, Agege: Anti, ai a 1986 an gwada matan Luo da Kikuyu a Kenya, aka ga suna ɗaukar kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da ƙarin ƙarfi ba.

Ma'aikaciyar jinya: Numfashinsu aka auna, ƙanena, ba ƙashi ba. Kuma a mai kilo 60, kilo 12 ke nan, ko rabin jarkar ruwa bai kai ba. Inda aka ɗauki hoton wuyan 'yan dako, a Gana da Saliyo, zaizayar ta fi ta waɗanda ba sa dako.

Hajiya mai abinci: Ni dai tun da na yi tallar tire, yatsu biyu na hannun damana suke sagewa da asuba. Baba, tsakani da Allah, ranar nan a bakin rumfata na ga kun yi sallamar salla. Har da kafaɗa kuka juya.

Baba ɗan dako: Hajiya, sanyin damina ne wannan!

Ma'aikaciyar jinya: To Baba, a kai sanyin asibitin ƙashi na Igbobi a ɗau hotonsa. A bar haɗiyar ƙwayar ciwon jiki ana komawa ƙarƙashin kaya. In hannu ya fara sakin kofi ko ƙafa na harɗewa, kada a tsaya wajen maɗori. Kuma a raba kaya biyu, ko a sa a baro.

Yaron Baba: Baro a taɓon Mile 12? Anti, ku zo bayan ruwa ku gani. Kuma da kwando ake biyanmu, ba da sawu ba.

Baba ɗan dako: Kai yaro, ajiye wayar nan, motar Kano ta shigo.