In ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba: taurin kai ne ko kunnen ƙashi?

Maman Biyu, Boukoki: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya uwar mijina ta jefi ɗana da karin maganar nan don ya ƙi zuwa lakwal, wai kunnen ƙashi gare shi, ni ko na ce taurin kai ne irin na babanshi, ta ce ai ba ɗaya ba ne. Abin ya tsaya mini a rai har yanzu. Da bambanci?

Ba'adare: Wa alaikumus salam. Yaya, tsohuwa ta hi ki gaskiya. Mai kunnen ƙashi maganar ce ba ta shiga sam, shi aka yi ma wannan karin. Mai taurin kai kuwa ya ji sarai, ya auna, ya ce ba ya yi.

Mushe na Wadata: Abin mamaki ko'ina kai ake kama wa da laifi. Maƙwabtanmu Zabarmawa bon sandi suke cewa, kai mai tauri kenan, daidai da namu. Faransawa su ce têtu, daga kalmarsu ta kai, sai su haɗa da alfadari ko jaki. Masu Ingilishi har kan alade suke kiran mutum.

Ba'adare: Nan sun zalunci jaki wallahi. Dabbar da ke ɗaukar buhun albasa a Galmi tun asuba tana shan sanda? Mu in mun ce ma yaro jaki daƙiƙanci muke nuhi, ba gardama ba.

Malam Ƙarami: A Larabci anid ne, kuma ba wasa ba ce, ku duba Suratu Ibrahim aya ta 15, jabbarin anid. Wanda ya gane gaskiya ya ƙi ta da gangan. Hajiya kar ki yarda a sa yaro sahun nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a hankali.

Mushe na Wadata: Allah gafarta malam, to Sarauniya Mangu fa? A 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine suna ƙona garuruwa, ita a Lugu ta ƙi miƙa wuya, aka ƙone garin. Djibo Bakary da jam'iyyarshi Sawaba suka ce a'a ga ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, mulki ya kuɓuce mishi. Su ma sun ƙi ji kuma sun gani, amma wa zai ce musu kunnen ƙashi yau? Gagarau ma kirari ne a bakin makaɗa, kangararre kuwa zagi.

Malam Ƙarami: Wannan tsayuwa ce kan haƙƙi, mushe, ba kafiya ba.

Mushe na Wadata: Ai nan nake, malam. Sunan ya danganta da bakin wanda aka ƙi wa.

Maman Biyu, Boukoki: Na gode muku. Daren jiya na zaunar da shi ba bulala, ashe manyan yara ne ke tare shi a hanya suna ƙwace mai dala ashirin ɗin kalaci, kunya ta hana shi faɗi. Gobe da kaina zan raka shi, in ga malaminsu na lakwal.