Wai farashin kafe ba zai ƙara sauka ba?

Ɗan Wadata: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni dai na gama lissafina, kafe ya yi ban kwana da araha a duniya. A Disamba 2024 arabika, nau'in kafe mafi daraja, ta wuce farashin da ba a taɓa wucewa ba tun 1977, Fabrairu 2025 laba guda (kusan rabin kilo) ta haura dalar Amurka 4 a kasuwar New York. Fari a Brazil, fari a Vietnam, su ne manyan masu noman. Ina son in sa kuɗina cikin kwangilar kafe ta waya, ka saya yau a kan farashin watanni masu zuwa, in ya hau ka ci riba. Wa ke da ja?

Mai shayin Katako: Tsadar kam gaskiya ce Alhaji, ni nike buɗe gwangwani kullum da asuba, cokalin da nike cikawa da tozo yanzu sai na share bakinshi da yatsa kafin in zuba a kofi. Amma tamu tsadar ba duka daga New York ta fito ba, tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 kaya ke zagayowa ta Togo da Burkina, kuɗin mota da duwan duk kanmu suke ƙarewa.

Ɗan Galmi: Ni ina da ja ƙanena. Albasa nike saye tun kana lekol kuma abin guda ne, shekarar da buhu ya yi wuta kowa sai ya ruga ya dasa, har wanda bai taɓa riƙe kwashe ba, badi kuma ka ga albasa jibge bakin hanya tana ruɓa ba mai tayawa. Kafe haka yake, sai dai shi iccen yana ɗaukar shekara 3 zuwa 4 kafin ya yi ƴaƴa, shi ya sa tsadar take daɗewa har mutum ya ɗauka ta zauna kenan. Wancan 1977 da ka ambata, sanyi ne ya ƙone gonakin Brazil a Yuli 1975. To mi ya biyo baya? An dasa, Vietnam ta shigo da robusta, nau'in kafe mai araha, da ƙarfinta, a 2001 laba ta faɗi ƙasa da santi 50 (rabin dala), manoma suka rasa ko kuɗin tsinka.

Ɗan Wadata: Yaya wancan zamani daban, yanzu yanayi ya canza, zafi ƙaruwa yake kowace shekara kuma arabika ba ta son zafi. Ga ƴan China sun fara shan kafe sosai.

Kontabul: Ko da kana da gaskiya a kan shekara 10 masu zuwa, sati guda ya isa ya cinye ka, nan ne nike son ka tsaya ka duba don Allah. Kwangila guda ta arabika laba 37,500 ce, wajen tan 17. Santi 1 in ya motsa dala 375 kenan, santi 10 dala 3,750, sama da sefa miliyan 2, kuma santi 10 a yini guda ba abin mamaki ba ne a kasuwar nan. Kai ɗan ajiya kaɗai kake sawa, in farashi ya juya sai a ce ka ƙaro kuɗi nan take ko a rufe maka da asara. Ƙanena uwa ɗaya ya yi irin wannan a waya, mun gama sallar la'asar ya duba ya ga an rufe mishi, kuɗin babur ɗin da ya saida ne, har dare yana zaune kan tabarma wayar na hannunshi bai ce uffan ba. Bayan kwana kaɗan farashin ya hau kamar yadda ya hango, amma shi an riga an fidda shi.

Kontabul: Kuma ba ruwan sama kaɗai ke juya shi ba. Agusta 2025 Trump ya ɗora wa kayan Brazil haraji kashi 50 kafe ya tashi, Nuwamba ya cire wa kafe harajin farashi ya sauko. Wa zai hango wannan daga Yamai?

Malam: Ku bari in sa baki. Musulunci ya halatta salam, ka biya kuɗi duka yanzu a kawo maka kaya daga baya, da sanannen awo da sanannen lokaci. Wanga kuwa ba ka biya duka ba, ba ka da niyyar karɓar ko buhu guda, bambancin farashi kawai ake biyan juna. Malamai da yawa sun hana shi saboda haka.

Ɗan Wadata: To Malam manyan kamfanonin kafe ai suna yi.

Ɗan Galmi: Su kafen suke buƙata a masana'anta, suna ɗaure farashi ne don kar ya tsere musu. Kai ina sitonka?

Ɗan Wadata: Har yanzu ban yarda zai koma arahar da ba, wannan ina nan kan bakana. Amma maganar ƙanen Kontabul ta shige ni. Zan sayi katan 20 na gwangwani in aje a butik, abin da nike iya taɓawa da hannuna.

Mai shayin Katako: Ka duba kwanan watan lalacewa kafin ka biya Alhaji, kuma kar ka aje su inda zafin kwano ke dukansu. In sun iso ka riƙe mini katan 2, zan zo ran Juma'a bayan masallaci.